Taguwar Hajiya Lailatu

A Ƙofar Kwaya, duk wanda ya yi wayo kafin shekarun tamanin ya san motar Alhaji Sammani mai fatu. Sitiron ce ƙirar Faransa, ruwan toka, doguwa, gabanta ya fi bayanta faɗi. A Maraɗi ya sayo ta hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Tana da kyau, amma ba kyan ne ya sa ta yi suna ba. Idan aka kashe ta, a hankali take sauka har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Idan aka tayar da ita sai ta ɗan yi jim, sannan ta ɗaga baya, gaba ya biyo, yadda raƙumi ke miƙewa. Shi ya sa mutanen unguwa suka sa mata Taguwa, har mai ita ma ya koma kiranta da haka.

Alhaji ne ya saya, amma matarsa Lailatu ce ta fi tuƙa ta. Ita ungozoma ce a asibiti, shi kuwa kullum yana cikin akori-kura tsakanin kasuwannin ƙauye yana sayen fata, ya ce ba zai ɗora wannan warin a kujerun Taguwa ba. Shi ya koya mata tuƙi da kansa. A lokacin matan da ke tuƙi a Katsina ba su da yawa, aka yi ta surutu, da aka ga miji da mata babu wanda ya kula, surutun ya mutu don kansa.

Wajen ƙarshen shekarar 1983 motar ta fara yoyo. Ba man inji take zubarwa ba, wani koren mai ne da ke bi ta cikin siraran bututai, shi ke ɗaga ta, shi ke kama birki, shi ke sa sitiyari ya yi laushi. A Maraɗi ake samo shi. Ba a jima ba soja suka karɓi mulki, bayan 'yan watanni aka rufe iyaka. Alhaji ya nemi koren mai har Kano bai samu ba. Wani ya ba shi shawara ya zuba man birki irin na sauran motoci, wai ai duk mai ne. Ya zuba. Jan man ya bi ya cinye robobin ciki kaf. Wata safiya Lailatu ta shiga za ta tafi aiki, inji ya kama lafiya lau, amma Taguwa ta ƙi miƙewa. Nan ta zauna inda take, gindin iccen bedi na tsakar gida.

Alhaji ya ce a bari a buɗe iyaka. Da aka buɗe, kaya suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kasuwar fata kuma ta ja baya, sai ya ce a bari al'amura su daidaita. Da soja suka fara alkawarin sauka, ya ɗaura maganar a nan, duk wanda ya tambaye shi motar sai ya ce sai an mayar da mulki. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa, har maganar ta zama abin wasa a gidan. Idan aka tambayi 'yarsu Sadiyya yaushe za ta wanke kwanuka, sai ta ce sai an mayar da mulki, uban ya yi dariya ya fi kowa.

Amma bai yasar da motar ba. Duk ranar Juma'a da hantsi yakan yaye tamfol ɗin da ya rufa mata, ya goge gilashi, ya zura hannun ƙarfe ta gaba ya juya inji don kada ya daskare. A cikin waɗannan shekarun ne ƙanensa Alhaji Isah ya yi ritaya daga ofishin ƙaramar hukuma, yana neman inda zai zauna ya riƙa saye da sayarwa. Su biyun gida ɗaya suke, kowa da sashensa. Alhaji Sammani ya ce ya gina shago a ƙofar da mota ke fita, tunda dai ba ta fita, idan lokaci ya yi a san yadda za a yi. Aka gina, gidan ya koma sai ta zaure ake shiga.

Alhaji Sammani ya rasu shekara uku kafin soja su sauka. Da aka zo rabon gado, Hajiya Lailatu ta roƙa a sa motar cikin kasonta. Babu wanda ya ja da ita, don babu mai so. Ta kuma ɗauki aikin Juma'a. Ta riga ta yi ritaya, ta haura sittin, gwiwa ta fara damunta, amma takan tattare zane ta kama hannun ƙarfen da hannu biyu ta juya har sai ta ji injin ya zagaya.

Ranar da aka miƙa mulki ga farar hula a 1999, Sadiyya ta zo yini daga gidanta na Kambarawa, suka zauna kan tabarma suna sauraren bikin a rediyo. Da aka gama, Hajiya ta kashe rediyon.

"To, an mayar," in ji ta.

Sadiyya ta ɗauka maganar siyasa ce, har ta fara cewa Allah ya sa a dore. Sai ta ga uwar ta miƙe ta nufi gindin bedi, ta kwance igiyoyin tamfol, ta janye shi gaba ɗaya ta naɗe. Tayoyi sun tsage, fenti ya yi dabbare-dabbare, ɓeraye sun cinye kujerar baya har ana ganin waya. Hajiya ta zagaya motar tana shafawa, ta ce wa Sadiyya gobe za ta je wajen Ɗanliti.

Ɗanliti bakanike ne a Ƙofar Kaura, ya kusa hamsin, aikin tarakta da tifa ya fi yi. Tun yana saurayi shi da maigidansa ke duba Taguwa, kuma 'ya'yansa biyu na fari a hannun Hajiya aka haife su. Da ya gan ta a gareji ya goge hannu, ya sa aka kawo benci, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya sunkuyar da kai ya fara kewaye-kewaye. Ya ce motar ta daɗe, kayanta babu su, masu irinta duk sun sayar wa 'yan gwangwan, ba ya son ta wahala a banza.

"Malam Ɗanliti, ban zo tambayarka ko za ta tashi ba," in ji ta. "Na zo in ji mi take buƙata."

Washegari ya zo gidan don kunya. Ya buɗe gaban motar yana jiran ya ishe inji ya zama dutse. Da ya kama hannun ƙarfe ya juya, ya ji ya tafi sumul, sai ya ɗago ya dube ta. Ta gaya masa yadda marigayi yake yi duk Juma'a, da yadda ta ci gaba bayansa. Ɗanliti ya cire hula ya ajiye kan reshe, ya shimfiɗa buhu ya kwanta yana leƙen ƙarƙashi. Bai tashi ba sai da aka kira azahar. Ya ce inji zai yi, wannan ya ɗaukar mata alkawari. Abin da ba shi da iko a kai shi ne kayan ɗagawa: robobi duka, da famfon da ke tura koren mai, da wasu ƙwallayen ƙarfe masu iska a ciki waɗanda motar ke zaune a kansu, da shi kansa man. Waɗannan ko a Kano ba za a same su ba.

Kafin ta shirya tafiya, Alhaji Isah ya shigo sashenta. Tsakaninsu akwai wasa irin na ƙanen miji da matar wa, amma ran nan bai zo da wasa ba. Ya ce mutane sun fara magana, ana cewa matar Alhaji Sammani ta rasa abin yi da tsufanta sai bin garejin kanikawa. Ya ce akwai masu sayen tsohon ƙarfe da suka daɗe suna tambaya, a yanka ta a fitar ta zaure, a huta da ganinta. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta gode, amma ba ta sayarwa.

"Yaya, a ce ma ta tashi," in ji shi. "Ta ina za ta fita?"

"Ta tashi tukuna, Alhaji."

Ba ta ce masa komai game da shagon ba, ran nan ko bayansa.

Ta tafi Maraɗi a motar haya ta Jibiya, da tsofaffin kayan da Ɗanliti ya kwance mata a ƙunshe cikin tsumma a cikin kwalla. Ta sauka gidan wani tsohon abokin cinikin mijinta, ta shiga bin gareji-gareji tana kwance ƙunshin tana nunawa. Yawancin kanikawan ba su ma san ko na mene ne ba. A ƙarshe wani ya kwatanta mata gidan wani tsoho, Mati, wanda ya yi aiki a garejin Turawa tun kafin su tafi, yanzu ya koma gyaran keken ɗinki a zaurensa.

Mati ya karɓi ƙwallon ƙarfen ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina bakin, ya tambaya wane ne ya zuba wa wannan baiwar Allah jan mai. Hajiya ta ce maigidanta ne, Allah ya jiƙansa, lokacin iyaka na rufe, ba shi da yadda zai yi. Tsohon ya yi masa addu'a. Ya tambaye ta wa zai tuƙa idan an gyara, ta ce ita. Ya tambaye ta yadda birkin motar yake, ta ce ba feda ba ce, ɗan dunƙulen roba ne a ƙasa, taɓa shi ake yi ba a takawa. Daga nan ya rufe zaure ya ɗauki sanda, ya kai ta bayan wani gida inda gawar irin motar har biyu ke kwance, tantabaru sun yi sheƙa a cikin ɗaya. A nan suka sami famfo mai sauran rai da wasu bututai. Robobi da ƙwallaye da mai kuwa ya ce sai dai daga Yamai, akwai ɗan ɗan'uwansa direba da zai iya cigiya.

Damina ta ƙare tana zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi. Ƙwallayen da aka fara kawowa na wata ƙirar ne, ba su shiga ba, ta mayar. Na biyun suka daɗe ba su zo ba. Ba ta taɓa aiken wani ba, don ta ce wanda bai san abin ba zai karɓo duk abin da aka miƙa masa. Ma'aikatan iyaka suka saba da ita har suna tambayarta jikin mai jinya.

A gida kuwa tsakar gidan ta koma gareji. Ɗanliti yakan zo bayan la'asar idan ya tashi daga nasa aikin, ranar Juma'a kuma tun safe. Da farko ya so ta zauna a inuwa ta yi kallo, bai san da wadda yake magana ba. Ta fito da farantan silba ta wanke, ta shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da ya kwance sai ta wanke shi da kananzir ta jera yadda ya fito, ba ta bari ko ƙwayar yashi ta hau. Ta nemo babban sirinji irin na asibiti, da shi ta riƙa ɗura kananzir cikin siraran bututan nan tana wanke dattin jan mai, ɗaya bayan ɗaya, har sai abin da ke fitowa ya yi fari. Akwai lungunan da hannun Ɗanliti ba ya shiga, don yatsunsa kamar taɓare suke. Nan sai ya ja baya ya kwatanta mata, ita ta zura hannu ta lalubo gurbin ba tare da ta gani ba, ta zaunar da robar. Ya taɓa tambayarta yadda take yi, ta ce shekara talatin tana aikin da ido ba ya kaiwa.

Matan unguwa sukan shigo gaisuwa su ishe ta da baƙin mai har gwiwar hannu. Wasu su yi mata faɗa, wasu su zauna kallo har su manta abin da ya kawo su. Da labari ya kai majema, tsofaffin abokan cinikin Alhaji Sammani suka aiko mata da jar fata mai laushi, suka ce ta kujeru ce, kada ta tambayi komai. Wani baduku ya zo har gida ya ɗinke su. Alhaji Isah dai bai leƙo ba ko sau ɗaya. Idan zai shiga sashensa, kansa a gaba yake wucewa.

Bayan an gama kaka suka yi gwaji na farko. Inji ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Famfo ya fara aiki, bayan motar ya motsa kamar zai ɗaga, sai wani bututu ya fashe a ƙarƙashi. Koren man da aka sha wahalar samowa ya yi tsartuwa ya wanke wa Ɗanliti fuska da riga. Hajiya ta kashe motar ta fito da sauri, ta tura tasa ƙarƙashi ta tare abin da ya rage. Ɗanliti ya zauna a ƙasa ya ce shi dai ya gaza. Bututun da ya fashe shi ne mafi tsawo, ya bi cikin motar daga gaba har baya, kuma babu irinsa a gawarwakin Maraɗi. Ya ba da shawara a yi mata fenti a ajiye ta don tarihi. Hajiya ta jawo galan. Ta ɗauko ƙyalle ta tace man tasar cikin galan, ta rufe, ta ce ya je ya wanke ido kada man ya yi masa illa.

Kwana kaɗan bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ita, gwiwar ma ta kumbura, Sadiyya ta tare a gidan tana jinya. Cikin azumi ne. Wata rana da hantsi tana kwance ta ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida. Sadiyya ta leƙa ta dawo ta ce Malam Ɗanliti ne, ya zo da wani dogon bututu na tarakta yana lanƙwasa shi a jikin bedi, yana gwadawa da tsohon. Babu wanda ya aika masa. Ya ɓata bututu ba ɗaya ba kafin ya dace da lanƙwasar, bakin kuma sai da ya kai wa mai walda suka ƙera shi da hannu. Da Hajiya ta sami sauƙi ta fito tana dogara sanda, ta ishe ya ɗaura. Ta yi masa sannu, ya ce barci ne ya gagare shi, shi ya sa.

Sai bayan salla suka sake gwadawa, ranar wata Asabar da safe. Ba a gaya wa kowa ba. Daga Hajiya sai Ɗanliti sai Sadiyya. Hajiya ta shiga ta zauna, ta yi bisimilla ta murɗa makulli. Injin ya kama, ya daidaita. Can sai aka fara jin wata 'yar ƙara daga gaba, ƙyas, a yi shiru, ƙyas, alamar famfo ya cika ya saki. Ɗanliti yana durƙushe yana duban ƙasa ko zai ga ɗigo, bai gani ba. Motar ta yi jim har Sadiyya ta fara cire rai. Sannan bayan ya ɗaga a hankali, ya tsaya, gaban ya biyo, busassun ganyen da suka manne a gefen taya suka zube. Taguwa ta tsaya a kan ƙafafunta.

Sadiyya ta rufe baki da gyale tana kuka. Ɗanliti ya zagaya motar yana danna kowace kusurwa da hannu, tana lotsawa tana dawowa, yana ta hamdala. Hajiya ba ta fito ba, hannunta biyu na kan sitiyari, leɓenta na motsi.

A shago, Alhaji Isah yana auna wa wata mata sukari lokacin da ƙarar ta ratso bango. Injin bai dame shi ba, ya sha jin suna tayar da shi. 'Yar ƙarar famfon ce ta tsayar da shi. Shekaru da yawa, idan ya ji ta daga ɗakinsa ya san yayansa ya dawo ko zai fita, kuma ya manta da ita sarai sai yanzu. Ya ajiye gwangwanin awo, ya bar matar tsaye, ya bi ta zaure ya shiga. Ya tsaya daga nesa yana kallo. Hajiya ta gan shi ta madubi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya koma.

Aka ci gaba da sauran aiki. Aka sa sababbin tayoyi, mai fenti ya zo da injinsa ya mayar mata da ruwan tokarta. Hajiya ta je ta sabunta lasisinta da takardun motar, don lambar da ke jiki tun ta zamanin da Katsina ke ƙarƙashin Kaduna ce. Kullum da safe takan tayar da ita, ta jira ta miƙe, ta ja ta gaba har bakin rijiya, ta dawo da baya gindin bedi. Iyakar filin da ke akwai ke nan. Mutane suka yi ta ba ta shawara. Wani ya ce a nemo kuran, injin ɗaga kaya, a ɗaga ta a tsallake katanga, wani ya ce ta kai maganar gaban manya tunda ƙofar asali ta mota ce. Ta ce shagon nan marigayi ne ya ba ƙanensa, ita ba za ta karɓe abin da ya bayar ba.

Ana cikin bazara, wata safiya ta ji ana ta shige da fice a zaure. Ta fito ta ga katan-katan na sabulu da buhunan shinkafa an jibge su gefe guda, Alhaji Isah yana tsaye yana nuna inda za a ajiye kanta. A waje ga magina da guduma suna jira.

"Alhaji, mi ke faruwa?"

"Ƙofa za a buɗe, Yaya."

"Ni ban ce ka rushe shagonka ba."

"Na sani. Da kin ce, da ban rushe ba." Ya kau da kai yana duban maginan. "Aro ya ba ni. Shina da kyau in mayar."

Ta tambaye shi inda zai koma, ya ce zaure ya ishe shi kafin a ja masa ɗan ɗaki daga gefe, dama kayan ba su taka kara sun karya ba. Ta so ta ƙara magana, ya ce ta koma ciki kada ƙasa ta zubo mata.

Aka yi kwanaki ana fasawa ana kwashe ɓaraguzai, aka kafa ƙyauren ƙarfe mai faɗi. Ranar da za a fita, tun da hantsi layin ya cika ba tare da an gayyaci kowa ba. Dattawan da suka san motar suna ba waɗanda ba su san ta ba labari, kowa da irin nasa ƙarin. Hajiya ta fito cikin shuɗin leshi da farin mayafi, ta bar sandar a ɗaki. Ɗanliti ya sa wankakkiyar riga, ya zuba akwatin sifanu a but don ko ta kwana, ya zauna gaba. Har ta tayar, motar ta miƙe, 'yan kallo suka ɗauki sowa, sai ga Alhaji Isah da babbar riga ya buɗe ƙofar baya ya shiga ya zauna, kamar dama an yi da shi.

Ta fito da ita a hankali, ta karya kwana ta hau titi. Da farko ta taɓa birki da ƙarfi har hular Ɗanliti ta faɗo. Kafin su kai Ƙofar Kaura hannunta ya tuna. 'Yan acaɓa suka riƙa rage gudu suna bin gefenta suna leƙe, wani mai Marsandi sabuwa fil ya sauke gilashi ya ɗaga mata hannu. Ramukan titi kuwa ko jin su ba a yi a ciki. Ɗanliti ya karkata kunne yana sauraren inji, bai ji abin da zai ce ba.

Ta tambayi Alhaji Isah inda yake son zuwa, tunda shi ne babban baƙo. Ya ce idan ba damuwa ta kai shi maƙabarta wajen yayansa.

Ta tsaya daga nesa da ƙofar, gindin wata inuwa. Shi da Ɗanliti suka sauka suka cire takalma suka shiga. Ita ta zauna a motar ta ɗaga hannu ta yi tata addu'ar daga nan, ta daɗe tana yi. Da suka fito idon Alhaji Isah ya yi ja. Ya shiga ya zauna, ya shafa jar fatar kujerar, ya tambayi wanda ya yi ɗinkin, ta gaya masa. Ya ce aikin ya yi kyau. Can kuma ya ce ai bai kamata a koma gida ba a biya ta Kambarawa ba.

Sadiyya tana tsakar gida tana tuƙa tuwon rana ta ji ham a ƙofa. Ta fito da muciya a hannu, ta ga uwarta a bayan sitiyari, ga baffanta a hakimce a baya, maƙwabta sun fara fitowa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce ta ɗauko mayafinta, akwai wuri kusa da baffanta, za su zagaya gari. Sadiyya ta ce tuwo na kan wuta. Hajiya ta ce ta sauke shi. Ta koma ciki da gudu ta sauke tukunyar, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta jawo ƙofa ta kulle.